Ɗigon Fenti a Ƙafar Dama

Mahaukaci? Wa ya gaya maka? Rediyo? To rediyon ce ta zauna a ƙofar makarantar nan tana soya gurasar capati tun daga farko har ƙarshe, ko ni? Ajiye min kofina kar ka fasa shi da wannan ɗaga hannun naka. Lokacin kana Kampala kana koyon tafiya da takalmi mai tsini. Don ka ga Baluku yana wanke babura a bakin rafi shi ne ka samu bakin magana. Zauna ka ji yadda aka yi, in ka ga dama ka ci gaba da kiransa abin da kake kiransa.

Kamfanin baƙin man nan mai tambarin ɓauna shi ya kawo abin nan garinmu Masaka. Suka kafa farar rumfa, suka kunna kiɗa, wata Madam Kyomuhendo ta hau kan teburi tana magana kamar ta haɗiyi lasifika. Ta ce sojojin da suka dawo daga Somaliya aka sallame su, kamfani zai koya musu kanikanci kyauta, ya ba su takardar shaida da akwatin kayan aiki. Waɗanda suka fi hannu kuma, su za su riƙa kula da motar tseren kamfani. Aka yi tafi. Kamfani dai ba ya yanka akuya sai ya tabbatar mai hoto ya iso, amma naman nama ne, kuma mutanen nan suna jin yunwa.

A tsohon siton kofi aka buɗe makarantar. Malaminsu wani ɗan Kenya ne mai sanƙo, Fundi kowa ke ce masa. Ranar farko ya tara su ya ce, "Nan ba bariki ba ne. Ba Saje, ba Kofur, ba kurtu. Noti bai san igiya ba."

Suka haɗa baki suka ce sun ji. Da aka tashi shan shayi sai ga su a gabana sun jeru bisa muƙami, mai igiya uku a gaba, marar igiya a wutsiya. Ba wanda ya ce su yi. Sabo ne, turken wawa.

Na gaban shi ne Saje Ekwaru, mutumin Soroti, dogo, baƙi, mai ƙirji kamar ƙofar coci. Ba ya ɗaga murya, ba ya buƙata. Na bayansa Baluku, Kofur, ɗan dutsen Kasese, gajere, marar magana, da tabon ƙuna daga wuya zuwa ƙugu. Tabon nan yana da tarihi. A can Somaliya motarsu ta taka nakiya ta kama da wuta, ƙofa ta maƙale, kowa ya yi ta kansa. Saje ne ya dawo ya cusa hannu cikin wutar ya fizgo shi. A wajen nan wani guntun ƙarfe ya shiga dantsen Saje na dama. Aka cire, aka ɗinke, aka ce ya warke. Duk wanda ya kalli hannun zai rantse lafiyarsa lau.

Dokar Fundi guda ce wadda ba ya wasa da ita. Kowane noti mutum biyu ne: ɗaya ya ɗaure, ɗaya ya bi. Mai bi yana riƙe da wata doguwar sifana da ke yin ƙas in noti ya kai inda ake so. In ta yi ƙas, ya ɗiga jan fenti a kan notin. Mota ba ta fita sai duk notocinta da ɗigo. Da aka zo raba su biyu-biyu, Saje bai jira an raba ba, ya ce, "Kofur, kana tare da ni." Baluku ya ce, "To, Afande," wato ranka ya daɗe a bakin soja. Aka ba su ƙafar mota ta gaba ta dama.

Ranar da Baluku ya fara ɗora sifana a kan aikin Saje, notin ya juya masa kamar murfin kwalbar da ɗan yaye ya rufe. Ya yi zaton kuskure ne, ya gwada na biyu. Shi ma haka. Ya ɗago kai, sai ga Saje tsaye a kansa, sauran kuma sun daina aiki suna kallo.

"Kofur, me kake nema a aikina?"

"Doka ce, Afande."

"Dokar wa?"

Baluku ya kalli ƙasa. Wani daga baya ya ce, "Yau Kofur ke duba faretin Saje, duniya ta zo ƙarshe," aka ɗan yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. Baluku ya janye sifanar, ya ciro fenti, ya ɗiga, ya ɗiga, ya ɗiga.

Daga ranar ya samo dabara. A gaban mutane ya ɗora sifana sama-sama, ya yi ƙas da harshensa in ta kama, ya ɗiga. In an fito cin abincin rana sai ya ce cikinsa na juyawa, ya koma ta ƙofar baya ya ɗaure komai yadda ya kamata. Shi ya sa kullum shi ne na ƙarshe a wajena, ya tarar capati ya yi sanyi, wake ya kama ƙasan tukunya.

Na ce masa, "Kai ɗan Kasese, wannan cikin naka ko mai naƙuda albarka. Kullum a lokaci guda?"

"Ruwan garinku ne, Jajja." Haka suke ce min, wato Kaka.

"Ruwan garinmu ne kuma ya hana Sajenku buɗe kwalbar lemo da kansa?"

Ya tsayar da loma a iska. Ni ban yi boko ba, amma na daɗe ina miƙa wa maza kofi. Saje da hagu yake karɓa. In an ba shi lemo sai ya miƙa wa na kusa, wai buɗe wa Afande, shi kuma wancan ya karɓa da rawar jiki kamar an ba shi lambar yabo. Capati ma ba ya yagawa, naɗewa yake ya gatsa.

"Jajja, ki rufa min asiri."

"Ni wa zan gaya wa, tukunya? Amma ka sani ranar wanka ba a ɓoyon cibiya."

Ya san abin da nake nufi. In Fundi ya gane, takardar Saje ta tafi, akwati ya tafi, ga 'ya'ya a Soroti suna jiran kuɗin makaranta, ga fanshon da bai kai na gawayi ba. Kuma ba ma wannan ba ne babba a wajen Baluku. Babban shi ne a ce da bakinsa, a gaban waɗanda suka sara wa mutumin nan, ya furta cewa hannun Afande ya mutu. Hannun da ya mutu a wajen ceto shi.

Ana haka kamfani ya ƙara dagula lamarin. Madam ta zo neman fuskar da za a sa a allon talla. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen rago, ta tsaya a kan Saje ta ce wannan. Kafin wata ya mutu ga shi nan a shataletalen gari, girmansa ya kai gidan sama, riƙe da sifana a hannun dama, ɓauna a ƙirji. 'Yan boda, masu acaɓa, suka fara kiran wurin Kwanar Saje. Matarsa ta hau mota tun daga Soroti don kawai ta tsaya a ƙarƙashi a ɗauke ta hoto.

Da tsere ya matso, Baluku ya daure ya tari Saje a bencina, bayan kowa ya watse.

"Afande, da wata shawara."

"Faɗi."

"Ranar tsere aiki zai yi yawa. Ana buƙatar wanda zai tsaya a kanmu yana ba da umarni. Ba wanda ya iya wannan kamarka. Ni sai in riƙe ƙafar, wani ya bi ni."

Saje ya ajiye kofi a hankali. "Ka ga allon can?"

"Na gani, Afande."

"Me ke hannuna?"

"Sifana."

"To." Sai ya ɗaga hannun daman ya buɗe shi a gaban fuskar Baluku. Yatsu biyun ƙarshe suna ɗan rawa, ya dunƙule su da sauri. "Wannan ne ya jawo ka, Kofur. Ka fi buhun masara nauyi, kana ci da wuta, kana kiran uwarka. Bai sake ka ba. Yau shi kake wa kallon hadarin kaji?"

"A'a, Afande."

"To sha shayinka."

Har yau ban sani ba ko Saje ya san hannunsa ba ya kai noti. Akwai abin da mutum ke sani da rana ya manta kafin la'asar, don in ya tuna ba zai iya tashi gobe ba.

Ranar tsere tun da safe babba-da-jaka suka sauka a kan rumfar kamfani, sun yi layi, kawunan nan a sunkuye kamar masu zaman makoki. Aka kore su, suka zagaya suka dawo. Na kwashe kaskona na koma filin da ake gyaran motocin, don inda taro yake nan ciniki yake. Gari kaf ya fito. Jar ƙura ta tashi ta tsaya a sama ba ta sauka ba, har miyau ja yake.

Direban kamfani Ssebuliba ne, ka san shi, mai sarƙar zinare, wanda ba ya shiga kwana da hanci sai da gefe. Mutane don shi suke zuwa. Kuma duk wanda ke son ganinsa da kyau, kwanar coci yake zuwa, can gangaren hanyar Kyotera, inda titi ke karyawa hagu a ƙasan tudu. Nan ake zama a bakin gaɓa, ƙafafu na lilo a kan hanya, mata da goyo, masu gasa ayabar gonja, 'yan makarantar cocin da fararen rigunansu. 'Yan sanda su kora, a matsa taku biyu, a dawo taku uku. Baluku ya san kwanar. Ya san kuma in mota ta karya hagu da gudu, duk nauyinta a ƙafar gaba ta dama yake sauka.

Zagayen safe bai dami Baluku ba, jiya da yamma ya bi notocin da hannunsa. Ssebuliba ya dawo shi ne a gaba, ya fito yana ɗaga hannu kamar ɗan takara. Saura zagayen rana, wanda ke bi ta kwanar coci. A tsakani ake canza tayoyi, kuma lokacin da ake bayarwa bai kai tafasar tukunyar shayi ba. Wani mai farar riga yana tsaye da agogo. In mota ta makara ƙwarai, ta fita daga tsere.

Aka ɗaga mota a jak. Ƙafa uku suka tafi kamar walƙiya. Sai Madam ta shigo da masu kyamara na talbijin.

"Ku matsa, ku matsa! Afande kaɗai nake so a gani. Kai gajere, koma baya, kana shiga hoto."

Aka ja Baluku gefe. Ya tsaya yana kallo Saje ya durƙusa, ya jera notoci, ya ɗora sifana, ya ja. Gumi na zuba daga haɓarsa. Fuskarsa ta yi kyau ƙwarai, na gan ta daga baya a talbijin ɗin mashaya, fuskar jarumi sak. Amma Baluku ba fuska yake kallo ba, gwiwar hannu yake kallo, kuma ya ga inda take tsayawa kowane ja. Saje ya miƙe, ya dafa tayar, taro ya ɗau ihu.

Fundi ya yi tsawa daga bayan mota, "Ƙafar dama! Fenti!"

Yanzu fa Madam ta tuna akwai wani abu mai kyau a nan. Ta ce wa mai kyamara, "Wannan shi ne wanda Afande ya ceto daga wuta. Ɗauke su tare." Aka turo Baluku gaba, doguwar sifana a hannu ɗaya, fenti a ɗaya, kyamara a kan hancinsa. Sauran abokan aikinsu sun zagaye su. Matar Saje tana jikin igiya da sabuwar doguwar rigar gomesi, tana share hawaye.

Ba ƙofar baya. Ba lokacin abincin rana.

Ya ɗaga sifanar. Da ya ɗora ta notin zai juya, kuma duk Uganda za ta ga ya juya. Saje bai motsa daga jikin tayar ba. Ya sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa, irin wadda yake ba da umarni da ita a inda ba a so maƙiyi ya ji.

"Kofur. Ɗiga."

Ka taɓa ganin hannu ya yi abin da mai shi bai sa shi ba? Shekaru ana koya wa hannun nan ya ji muryar nan kafin ya ji kansa. Baluku ya ga yatsunsa sun buɗe fenti. Ɗigo, ɗigo, ɗigo, har ya zagaye. Aka yi tafi. Aka sauke jak. Ssebuliba ya sa hular kwano ya shige, ya tayar da inji, ƙasa ta ɗau rawa har kofunana suna kaɗawa a faranti. Babba-da-jakan nan ko gezau.

Baluku na tsaye a gaban motar, daidai hancinta. Ya ce min daga baya ba mutuwar Ssebuliba ya gani ba. Tayar ya gani, ita kaɗai, ta rabu da mota tana tsalle tana hawa gaɓa, ga fararen riguna a jere. Ya buɗe baki ya ce wa Fundi a tsaya. Abin da zai biyo bayan "a tsaya" shi ne "me ya faru", abin da zai biyo bayan wannan kuma sunan Afande ne. Bakin ya ƙi.

Mai agogo ya ɗaga tuta. Ssebuliba ya danna ham, ya yi masa alama da yatsa ya kauce.

Sai Baluku ya riƙe doguwar sifanar nan da hannu biyu, kamar mai saran itace, ya cusa ta cikin hancin motar da duk ƙarfinsa. Ya zare ya sake. Lagireto ya fashe, ruwan zafi ya yi tsiri, tururi ya rufe shi. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba. Ya sake sarawa har sai da ya tabbatar ba mai iya ɗinke ta a ranar, sannan ya ajiye sifanar a ƙasa, ya ƙame kamar a fareti.

Kafin 'yan sanda su iso jama'a sun riga sun same shi. Waɗanda suka yi caca a kan Ssebuliba su suka fara. Ka san wa ya shiga tsakiya ya kwanta a kansa? Saje. Ya rufe shi da ƙirji yana ture mutane da hagu, yana cewa, "Ku bar shi, yarona ne! Yaƙin ne ya dawo masa!"

Shi ke nan, magana ta samu gindin zama. Yaƙin ne ya dawo masa. Ƙarar inji ce ta tuna masa da nakiya. 'Yan sanda suka tambaye shi, likita ya tambaye shi, Fundi ya je har inda aka tsare shi ya ce, "Kai ne mafi hannu a cikinsu, gaya min dalili ko guda." Baluku ya ce bai tuna komai ba. Aka ɗora motar a bayan tirela aka kai Kampala, can wasu suka kwance ta gaba ɗaya, ba wanda ya tsaya tambayar noti yaya ya kwana.

Kamfani kuwa, kar ka ji tausayinsa. Madam ta fito a talbijin da jajayen idanu ta ce kun ga irin raunin da jarumanmu ke ɗauke da shi a ɓoye, shi ya sa ɓauna ba za ta juya musu baya ba. Baƙin mansu ya yi kasuwar da cin tsere ma ba zai kawo ba. Aka yafe wa Baluku a gaban kyamara, aka sallame shi ta bayan kyamara. Ba takarda, ba akwati.

Ranar da aka sako shi nan ya zo, fuska a kumbure. Saje ya same shi da burodi a leda. Suka zauna a bencin da kake kai yanzu. Can Baluku ya ce, "Afande, duk inda za ka yi aiki, ka samu mai bin ka."

Saje ya ce, "Ka huta, Kofur. Kanka bai gama dawowa ba."

Ni na ce masa bayan Saje ya tafi, "Ka tsare mota ɗaya, rana ɗaya. Gobe fa?" Ya ɗauki bokitina ya tafi rafi, tun ranar yake can.

Kar ka ji na ce ya yi daidai. Ban ce ba. Mahaukaci ne dai ba shi ba, kuma da ya yi hauka na gaske ya buɗe baki da ya fi mana. Me? Ƙarya nake yi wa Saje, bawan Allah mai takardar shaida? Tsohuwa ce ke ƙulla zance don ta sayar da shayi? To madalla. Saje ya samu takardarsa, da hatimin ɓauna da komai. Kamfani ya buɗe masa gareji a bakin tasha, ya kwaso tsofaffin yaransa na bariki su ne ma'aikata, har yau suna jeruwa a bayansa wajen shan shayi. Ƙungiyar direbobi ta ba shi duk motocin hayar da ke hawa hanyar Mbarara, don girmama jarumi. Ƙafar gaba kuma ba ya bari kowa ya taɓa, da hannunsa yake ɗaurewa. Tashi ka je tasha, motar da ka sa matarka da yaranka a ciki ɗazu ba ta cika ba tukuna. Ka durƙusa ka duba, za ka ga jan ɗigo a kowane noti, tsaf-tsaf. Sai ka tambaye su wa ya ɗiga.